Neman Turanci a Motar Albasa

Tun da na dawo daga Kumasi ba a bar ni na huta ba. A aji, a ƙofar masallacin unguwarmu ta Ƙofar Guga, har wurin mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Mannir, ya Gana?" Nakan ce lafiya lau, sai a tsaya ana kallona ana jiran saura. Tunda bakina ba ya yi mini aiki yadda alƙalami yake yi, na ga gara in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ina shekarar ƙarshe a sashen Turanci. Kundin bincikena a kan pick up ne, kalmomi biyu da Bature yake haɗawa su yi aikin fi'ili ɗaya. Da su ake ɗaukar abu daga ƙasa, a ɗauko mutum a mota, a karɓo saƙo, a amsa waya. Da su kasuwa take farfaɗowa, da su ake kwasar mura, da su mutum yake tsintar wani yare a bakin mutane ba tare da malami ba. Shekara guda na yi ina bin ƙamus, ina rubuta kowace ma'ana a kan farin kati, ina jerawa a gwangwanin biskit.

Kuskuren da na yi a taken kundin ne. Na ga taken ya yi gajarta, sai na ƙara masa "a Turancin Najeriya da na Gana", don ya cika layi biyu. Sashe ya amince, aka buga hatimi. Ranar da na kai wa Dakta, malamar da ke duba aikina, ta juya katunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta cire tabarau.

"Mannir, ka taɓa jin ɗan Gana yana magana?"

Na ce a rediyo.

"Na Najeriya na yarda, ka ji malamanka. Na Gana ina son misali talatin daga bakin mutane masu rai. Ka rubuta wanda ya faɗa, da inda ya faɗa. Kuma ba a sa wa mutum kalmar a baki, sai ta fito da kanta. In ba su zo ba kafin mai jarrabawa na waje ya iso, sai baɗi."

Baɗi na nufin ƙarin shekara. Inna kuwa ta riga ta gaya wa duk matan layinmu cewa bana zan gama.

Ita ce ta tuna da ƙanenta, Kawu Lawal, wanda ke kai albasa Kumasi. Da na yi masa bayani ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Tau, ni ban gane ba, amma akwai wuri gaban mota." Na yanka sababbin katuna talatin da biyar, biyar ɗin don kuskure. Na nemi takardar tafiya da katin rigakafi, na sa su a leda biyu.

Mun fita daga Katsina da hantsi a ƙaramar mota, muka bi ta Jibiya. A iyakar Nijar jami'i ya buɗe jakata, ya tarar da gwangwanin biskit, fuskarsa ta saki. Da ya buɗe ya ga katuna, ta koma yadda take.

"Mine ne wanga?"

"Boko ne," in ji Kawu. "Ba shi cizo."

Aka rufe, muka wuce. A Maraɗi muka sha fura, aka ba mu wani burodi dogo kamar sanda, wanda mutanen garin suke maƙalawa a hammata ba leda ba takarda. Na tambayi Kawu ko ba ya ɗaukar zufa. Ya ce gishirinsa ke nan.

A Galmi muka iske babbar motar an gama lodi. Direban, Malam Isufu, mutumin Madawa ne, dogo, mai ƙaramar butar shayi da yake ji da ita fiye da motar. Ni aka sa a tsakiya, giya na bugun gwiwata duk lokacin da aka canza. Albasa buhu kan buhu a bayanmu. Ranar farko idona ya yi ta ruwa, Malam Isufu ya ɗauka kewar gida ce, ya yi ta ba ni haƙuri. Ban gyara masa ba.

A nan na fara fahimtar yadda fatake suke tafiya. Ni a zatona in ka bar ƙasarku, kana cikin baƙin mutane ke nan. Ashe su Kawu daga hannu zuwa hannu suke tafiya. A kowane gari akwai zango, wato unguwar Hausawa, a kowane zango akwai mai masauki da ya san ubanka ko ya san wanda ya san shi. A Doso wani Alhaji ya tarbe mu da Hausa. A Gaya wani ya karɓe mu daga hannunsa, da Hausa. Muka haye gadar Kwara muka shiga Benin, inda na sa rai ko Faransanci zan ji in ɗan motsa kunne. Mai canjin kuɗi ya leƙo ta taga ya ce, "Sannunku da hanya, ya gajiya?"

A Jugu muka kwana, a ɗakin baƙi na wani mai masauki, tabarma shida da fanka ɗaya da ke juyawa gefe guda kawai. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa. Na tauna, mai gidan ya dube ni da tausayi ya ce a nan haɗiyewa ake yi. Na ce a Katsina ko tuwo mukan ɗan ba shi haƙƙinsa. Ya ce shi ya sa ba ma ƙiba.

Tayar baya ta fashe a Togo, kusa da Kara. Muka yi rabin yini a gindin wata bishiya. Malam Isufu ya fara hura gawayin shayi kafin ya duba tayar. Mai facin da ya zo Bazazzagi ne.

Duk begena ya koma kan iyakar Gana. Na san a can da Turanci ake aiki, kuma na san za a tambaye ni dalilin zuwa. Tun daga Galmi nake haddar amsa, jimla huɗu, har da sunan kundin. Muka shiga ofis, jami'in ya karɓi takardata, ya ce, "Purpose of visit?" Na ja numfashi.

"Ɗan yayata ne," in ji Kawu ta saman kafaɗata. "Rakiya ya yo."

Jami'in ya ɗago ya yi murmushi. "A'a, Alhaji Lawal! Ya albasa bana?"

Jimlolin nan huɗu har yau suna nan, ban yi amfani da su ba.

Mun shiga Kumasi rana ta biyar ta tafiyarmu, da azahar. Gari ne mai tudu da gangare da cunkoso, mata su ne riƙe da kasuwa, kuma ba sa rage murya don namiji na wucewa. Kawu ya ce kwana biyar za mu yi, ranar ta shida da safe mota za ta juya. Na lissafa: kati shida a rana.

Mai masaukinmu Baba Tanko ne, tsoho mai kimanin shekara tamanin, siriri, mai farin gemu da ƙatuwar murya. Tun a hanya Kawu ya ja mini kunne. "Shekara ashirin ina sauka gidan ga. Abin da Baba ya ce shi ake yi. Baƙo ba shi da ƙafa sai ta mai masauki, ka ji ko?" Na ce na ji.

Muka durƙusa muka gaishe shi a zaure. Ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya tambaye ni ina mahaifina. Na ce, "Shina lahiya, ya ce a gaishe ku."

Tsohon ya ɗaga hannu.

"Sake faɗi."

Na sake.

"Shina lahiya," ya maimaita a hankali. "Haka kakana yake faɗi. Daga Ƙofar Durɓi ya taso. Tun da ya rasu ban ƙara jin ta daidai ba. Shi Lawal yawo ya ɓata masa baki." Ya sa aka shimfiɗa mini buzu kusa da kujerarsa.

A kan buzun nan na yi kwana uku.

Labari ya zaga zango cewa an kawo Bakatsine sabo fil. Tsofaffi suka riƙa zuwa tun bayan karin safe. A tambaye ni yadda muke cewa kaza, in faɗa, a yi kabbara. In ce "hwarin wata", a ce in sake. In ce "na ishe shi gida", wani ya share ido. Baba Tanko yana da wani ɗan littafi a aljihun gaba, lokaci lokaci ya ciro ya yi rubutu da ajami. Na ɗauka addu'o'i ne. Aka tambaye ni ko ganuwa na nan, ko har yanzu ana rini, ko gidan wane na nan kusa da wata tsamiya a Ƙofar Durɓi. Na ce zan bincika.

Abinci kuwa ba a bar ni na yi kewa ba. Da safe koko da ƙosai, sai dai kokon nasu yaji ya yi masa yawa, ya kai a ba mai mura. Da rana shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har ta yi ja, a zuba mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Da yamma tuwo, wanda suke kira tuwon zafi ko da ya huce. Na yi tafiyar ƙasa huɗu na iske abincin gidanmu ya riga ni zuwa, ya canza kaya.

Sau ɗaya na gwada fita. Rana ta biyu na ce zan ɗan taka bakin titi. Baba ya ce baƙonsa ba ya yawo shi kaɗai, ya haɗa ni da dattawa biyu. Duk wanda ya yi mini magana su suke amsawa. Kuma abin da na ji a titi ba Turanci ba ne, yaren Asante ne, na 'yan garin. Na gane cewa a garin nan Turanci ba ya zuwa wurin mutum sai ya buɗe baki ya kira shi. Muka dawo da kati talatin da biyar farare.

Rana ta uku bayan azahar ina ɗaki na baje katunan a tabarma ina kallonsu, aka yi sallama. Babbar 'yar Baba ce, Hajiya Adiza, mace mai kimanin shekara hamsin, da kwanon abinci a hannu da waya biyu a ɗaya hannun. Ita ke da shagon ajiyar saƙo a tashar mota: direbobi su kawo kaya daga garuruwa, ita ta kira masu su.

"Kai baƙo, caca kake yi?"

Na yi mata bayani, idona a kan tabarma. Na gaya mata har maganar baɗi.

"Guda nawa ka samu?"

"Babu."

"A kwana uku?" Ta ajiye kwanon. "Wannan kalma taka, a shagona sai na share ta da tsintsiya kullum. Zo gobe ka riƙe mini waya."

Na ce na gode, ko za ta gaya wa Baba.

"Ni? Ba na ɗauke baƙon Baba a bayan idonsa. Kai ka gaya masa. Kwana uku kana zuba kamar rediyo, yanzu ka ce ba ka da baki?"

Ta fita. Na zauna ina tunani. A gidanmu ko ruwa aka ba ka mai zafi a gidan mutane, shanyewa kake yi ka ce madalla. Ga mutum ya ba ni buzu kusa da kujerarsa, in tashi a gaban abokansa in ce ba wurinsa na zo ba. Ga Kawu da shekararsa ashirin. Ga kuma Inna da matan layinmu. Na ɗauki ɗaya daga katunan kuskure na rubuta abin da zan faɗa, na gyara sau biyu.

Bayan la'asar zaure ya cika. Na matsa gaban Baba na durƙusa, na ciro katin, na karanta. Na ce na gode da karamci. Na ce an aiko ni ne in ji Turancin mutanen Gana, kati talatin, saura kwana biyu, in ban samu ba zan maimaita shekara. Na ce ina neman izini in zauna a shagon Hajiya. Na karanta har ƙarshe.

Kawu ya sami wani abu a rufin zaure yana dubawa.

"Kwana uku kana zaune da wannan a cikinka?" in ji Baba. Ya juya. "Kai Lawal, ba ce mini ka yi yaron shan iska ya zo ba?"

"Wallahi Baba, ni ma abin bai shiga kaina ba."

Wani dattijo ya ce bai dace ba, baƙo daga gida a kai shi tasha yana kiran waya kamar ɗan aiki, me zango zai ce. Baba ya ce kakansa da kaya a ka ya shigo garin nan, zango bai ce komai ba. Sannan ya yanke hukunci: daga safe zuwa la'asar ni na Adiza ne, daga la'asar zuwa magariba nasa.

Shagon Hajiya ɗaki ne ɗaya cike da kwalaye da buhuna, kowanne da lambar waya a jiki. Ta miƙa mini waya ta nuna kwali na farko. Na kira, wata mata ta ɗauka. Na yi mata ina kwana da Turanci. Na tambayi yadda ta tashi, da iyali, da aiki. Ina shirin tambayar gajiya ta ce, "Who is this?" ta kashe.

"Aurenta za ka nema?" in ji Hajiya. "Faɗi sunan shago, faɗi kaya sun zo, yi shiru."

Na sake kira, na yi yadda ta ce. Matar ta ce, "My husband will pick it up." Mijinta zai zo ya karɓa. Na ajiye wayar a hankali, na ciro kati, na rubuta jimlar, da wuri, da lokaci. Hannuna bai yi kyau ba a wannan katin, amma ban sake shi ba.

Daga nan suka riƙa zuwa. Yawancinsu na karɓar saƙo ne, har na fara damuwa. Wasu kuma sukan yar da rabin kalmar su ce pick kawai, waɗannan na ware su gefe na ɗaure da roba, ban sa su a lissafi ba. Wata mai sayar da atamfa ta gaya wa Hajiya kasuwa ta fara picking up kaɗan kaɗan. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ɗanta ya picked up tari a makaranta, na ce Allah ya sawwaƙe, cikin farin cikin da na yi ƙoƙarin ɓoyewa. Wani ƙaton mutum ya shigo a fusace, ya ce sau uku yana kira jiya, "and nobody picked up!" Ma'anar amsa waya ke nan, wadda ban samu ba tukuna. Yana faɗa ina rubutawa. Da ya gama na ce masa na gode ƙwarai. Ya dube ni, ya dubi Hajiya, ya ɗauki kwalinsa ya fita da baya.

Da la'asar in koma buzuna in biya Baba nasa.

Yammacin rana ta biyar a Kumasi na ƙirga: ashirin da tara. Na sake ƙirgawa daga ƙasa, ba su ƙaru ba. Hajiya ta ce in rubuta ɗaya da kaina mana, wa zai sani. Jimla kam ina da ɗari a kai. Amma a katin akwai layin da na ja da rula na rubuta "wanda ya faɗa", kuma na kasa ƙirƙiro mutum in sa a wurin. Na mayar da farin katin aljihu.

Da safe Baba ya ce zai raka mu tasha da kansa. Malam Isufu yana ɗumama mota, an loda mata goro da katako, amma warin albasa na nan inda yake. Sai ga wani tsoho Ba'asante da zane a kafaɗa ya hango Baba, ya taho da hannu a buɗe. Suka rungume juna. Suka fara da yaren Asante, suka zarce da Turanci, suna tsokanar juna a kan wanda ya fi tsufa. Turancin Baba Tanko yana gudu ba gargada, ya fi na wasu da ke ba mu lacca.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ban rubuta a kati ba, ban haddace ba. Na ce, "Baba, where did you study English?"

"Study?" Ya yi dariya, ya nuna tashar da sandarsa. "I picked it up here, loading lorries."

A nan ya tsince shi, yana lodin motoci. Ma'anar da ban samu ko sau ɗaya ba ke nan. Na dafa katin a ƙofar mota na rubuta. A ƙasa na ƙara da cewa tambayata ba ta ƙunshi kalmar ba, don Dakta.

Da na gama na ce, "Baba, duk kwanakin nan kuna jin Turanci?"

"Duk waɗanda ke zauren nan suna ji. Ka tambaye mu? Turanci kullum muna cikinsa. Katsinanci ne ba ya zuwa sai an yi sa'a." Ya ciro ɗan littafinsa na aljihu ya buɗe mini. Ba addu'o'i ba ne. Kalmomina ne, layi layi da ajami, kowace da lamba. "Nawa ka samu?"

"Talatin."

"Ni hamsin da biyu." Ya rufe ya mayar aljihu. "Allah ya kiyaye hanya. Ka duba mini tsamiyar nan."

Dawowa ba wani labari, sai dai taya ta sake fashewa kusa da inda ta fashe da farko, kuma mai facin ya gane ni.

Na kai wa Dakta gwangwanin saura kwana shida mai jarrabawa ya iso. Ta buɗe, ta ɗan ja baya. Ta ɗauki kati ɗaya ta kai kusa da hanci.

"Albasa?"

"Eh, Dakta."

"To, wannan kam ba daga ƙamus ya fito ba." Ta karanta su duka, ta daɗe a kan na talatin, sannan ta sa hannu.

Tsamiyar na je na duba a Ƙofar Durɓi. An sare ta, akwai shagon cajin waya a wurin, amma wata tsohuwa ta nuna mini inda kututturen yake, na gaya wa Baba hakan. Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira ni. Mukan yi gaisuwa cikakkiya, har gajiya, ba mai kashe wa wani waya. Sannan ya ce in ba shi sabuwar kalma. Juma'ar da ta wuce ya kai saba'in da ɗaya. Ni har yanzu ina kan talatin.